Kuskuren alƙalin wasa da shirun masu gasa: darasi daga ƙwallon ƙafar Amurka

Ranar Lahadi 20 ga Janairun 2019, a birnin New Orleans, ƙungiyar Saints da Rams ta Los Angeles suna kunnen doki, 20 da 20, saura minti ɗaya da daƙiƙa 49 a tashi. Duk wadda ta yi nasara ita za ta je Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, wanda babu shirin talabijin da ya kai shi tara masu kallo a Amurka. Drew Brees na Saints ya jefa wa Tommylee Lewis ƙwallo. Kafin ta iso, mai tsaron bayan Rams, Nickell Robey-Coleman, ya sheƙo a guje ya bangaje Lewis, hular kwano a kan hular kwano, ko waiwayar ƙwallon bai yi ba. A dokar wasan laifi biyu ya aikata a lokaci guda: ya tare mai cafewa tun ƙwallo tana sama, ya kuma kai masa karo a ka. Mutum sama da 70,000 da ke filin sun gani, miliyoyin da ke gaban talabijin sun gani. A cikin alƙalan wasa bakwai babu wanda ya hukunta.

Da an hukunta laifin, da Saints ta ci gaba da riƙe ƙwallo a bakin layi, ta cinye kusan duk lokacin da ya rage, sannan ta buga bugun da zai ba ta nasara. Tun da ba a hukunta ba, sai ta buga da wuri ta ci maki 3, Rams ta sami lokacin ramawa, aka tafi ƙarin lokaci, Rams ta yi nasara 26 da 23.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina. Robey-Coleman da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa ya riga ƙwallon isa. Kocin Saints, Sean Payton, ya ce shugaban sashen alƙalan NFL ya amsa masa ta waya cewa an yi kuskure. Hukumar gasar ta ci ɗan wasan tarar dala 26,739 a kan karon da alƙalanta suka ƙyale a fili. Duk da haka kwamishinan NFL, Roger Goodell, bai ce wa jama'a uffan ba sai bayan kwana goma. A tsakanin nan magoya baya suka garzaya kotu, sanata Bill Cassidy na jihar Louisiana ya kai maganar zauren majalisar dattawa.

A ganina kwana goman nan sun fi daƙiƙar kuskuren yi wa wasan lahani. Alƙalin wasa ɗan Adam ne, tara yake bai cika goma ba, kuma mai kallo ya san haka. Abin da ke zubar da mutuncin gasa shi ne masu ita su rubuta dokoki masu sarƙaƙiya, su yanke hukunci a ɗakin da ba a jin abin da ake faɗa a ciki, sannan in abu ya ɓaci su bar mai usur shi kaɗai a tsakiyar fili yana shan jifa. Tarihin wasan, a NFL da jami'o'i, cike yake da shaidar haka.

Wasan a taƙaice

Ga wanda bai saba kallonsa ba, wasan ɗan'uwan zari-ruga ne, kuma duk da sunansa da hannu ake yin mafi yawansa. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta yunƙuri huɗu ta matsa gaba yadi goma. In ta cika, a sabunta mata wasu huɗun; in ta gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ƙetare layin ƙarshe da ƙwallo maki 6 ne, buga ta tsakanin dogayen sanduna maki 3. Ɗan wasan da ke tsara hari yana jefa ƙwallo, kamar Brees, shi za mu kira madugu.

Kowane yunƙuri daƙiƙa kaɗan yake ɗauka, kuma a cikinsu ƙarti 22 suke karo da juna lokaci guda. Alƙalai bakwai ne a NFL, takwas a manyan gasannin jami'o'i, kowa da yankin da yake sa wa ido, wanda ya ga laifi sai ya jefa ƙyalle ruwan ɗorawa. Abu biyu ne suke ƙara wa kuskurensu nauyi. Na farko ƙarancin wasanni: ƙungiyar NFL wasa 17 take yi a kaka kafin zagayen sili ɗaya ƙwale, ta jami'a kusan 12, alhali ƙungiyar Firimiyar Ingila tana da 38 da za ta gyara ɓarnar rana ɗaya. Na biyu agogo: a mintuna biyun ƙarshe hukunci ɗaya yana iya bai wa ƙungiya damar riƙe ƙwallo har a tashi.

Kada kuma kalmar jami'a ta sa mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. Filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni da gasarsa, da kwantiraginsa na talabijin, kuma shi yake ɗaukar alƙalansa ya biya su.

Kuskure iri uku

Mai kallo in ya fusata duk hukuncin da bai yi masa daɗi ba sunansa ɗaya. Amma in aka tsefe shahararrun rigingimun wasan sai a ga sun kasu uku, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu laifin alƙali tsantsa.

Na farko kuskuren ido, kamar na New Orleans. Abu ya faru a ƙiftawar ido, alƙali yana tsaye a inda bai gani sosai ba, ko ya gani ya yi jinkirin yanke shawara. A wannan fagen masu kallo ma ba su da matsaya ɗaya. A Super Bowl na 12 ga Fabrairun 2023, Kansas City Chiefs da Philadelphia Eagles suna 35 da 35, saura ƙasa da minti biyu, sai aka jefa ƙyalle a kan James Bradberry na Eagles saboda ya ja rigar mai cafewa. Chiefs ta cinye lokaci ta yi nasara 38 da 35. Aka yi ta Allah wadai cewa bai kamata alƙali ya raba gardamar babban wasa da ƙaramin laifi ba, alhali Bradberry da kansa ya amsa cewa ya ja rigar, fatansa dai a ƙyale. A 2019 an zargi alƙalai da haɗiye usur a ƙarshen wasa, a 2023 an zarge su da ƙin haɗiye shi.

Na biyu kuskuren doka, inda alƙali ya bi abin da aka rubuta masa sau da ƙafa, amma rubutun ya saɓa wa abin da idon kowa ya gani. Ranar 19 ga Janairun 2002, cikin dusar ƙanƙara, Oakland Raiders tana gaban New England Patriots 13 da 10, saura ƙasa da minti biyu. Charles Woodson ya doki madugun Patriots, Tom Brady, ƙwallo ta suɓuce, Raiders ta ɗauke. Wasa ya ƙare ke nan a wajen kowa. Amma alƙali Walt Coleman ya duba bidiyo ya mayar wa Patriots ƙwallo, bisa wata doka ta 1999 da ta ce in hannun madugu ya fara tafiya gaba, ko da yana ƙoƙarin dawo da ƙwallon jikinsa ne, faɗuwarta jifa ce da ba a cafe ba, don haka ba a ƙwace ta ba. Patriots ta rama, ta ci 16 da 13 a ƙarin lokaci, ta wuce ta ɗauki kofinta na farko, na farkon shida da Brady ya ci da ita. Coleman ya sha zagi shekara da shekaru, dokar kuwa ba a soke ta ba sai 2013.

Haka aka yi da Dez Bryant na Dallas Cowboys ranar 11 ga Janairun 2015 a gidan Green Bay Packers. Ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, ya taka ƙasa, ya miƙa hannu zuwa layin ƙarshe, ƙwallon ta motsa da ta taɓa ƙasa. Bayan duba bidiyo alƙali Gene Steratore ya ce ba cafewa ba ce, domin dokar lokacin ta ce mai faɗuwa sai ya riƙe ƙwallo daram har ya gama faɗuwa. Packers ta ci 26 da 21. A 2018 masu ƙungiyoyi suka sake rubuta dokar, ta yadda abin da Bryant ya yi ya zama cafewa. Shekara uku aka ɗauka kafin a amsa cewa matsalar tana cikin littafin doka.

Na uku kuskuren gudanarwa, kuma shi ne mafi muni domin daga ofis yake fitowa. A 2012 NFL ta sami saɓani da ƙungiyar alƙalanta a kan albashi da fansho, ta hana su aiki, ta ɗauko 'yan riƙon ƙwarya daga ƙananan gasanni. Ranar 24 ga Satumba, a jifar ƙarshe ta wasan Seattle Seahawks da Packers, Golden Tate na Seattle ya ture mai tsaron baya, sannan shi da M.D. Jennings na Packers suka faɗi suna kokawa a kan ƙwallo. Alƙalai biyu suna tsaye a kansu, ɗaya ya ɗaga hannu alamar an ci maki, ɗayan ya yi alamar tsayar da agogo. Aka bai wa Seattle nasara 14 da 12. Washegari hukumar ta amsa cewa turewar Tate laifi ne da ya kamata ya ƙare wasan da nasarar Packers. Kwana biyu bayan wasan aka sasanta da alƙalan asali, kuma da suka dawo fili a Baltimore 'yan kallo suka miƙe suna yi musu tafi. Waɗanda suka kasa aikin an san fuskokinsu. Waɗanda suka tura su aikin da ya fi ƙarfinsu don tsimin kuɗi babu abin da ya same su.

A jami'o'i an ga abin da ya fi haka. A Satumbar 2018, a wasan jami'ar Kudancin Kalifoniya da ta jihar Washington, masu duba bidiyo na filin da na cibiyar rukunin Pac-12 sun yi ittifaƙi cewa wani ɗan wasa ya kai wa madugu karo a ka, laifin da hukuncinsa kora ne. Sai babban lauyan rukunin, wanda bai taɓa zama alƙalin wasa a gasar ba, ya kira waya ya ce bai yarda ba, aka janye hukuncin. Ba wanda ya san haka ta faru sai da Yahoo Sports ta sami rahoton cikin gida ta wallafa. Daga nan ne kwamishinan rukunin, Larry Scott, ya amsa kuskure ya hana shugabanni sa baki a duba bidiyo. Da takardar ba ta fita ba, da har yau laifin yana wuyan alƙalan fili.

Kyamara ba ta raba gardama

Duk lokacin da aka yi irin wannan, kiran farko shi ne a ƙara kyamara. NFL ta gwada duba bidiyo daga 1986 zuwa 1991, ta watsar, ta dawo da shi a 1999. Jami'o'i suka bi sahu daga 2004. Babu mai musun amfaninsa wajen tambayar da amsarta e ce ko a'a: ƙafa ta taka layi? Gwiwa ta taɓa ƙasa kafin ƙwallo ta suɓuce? Inda gizo ke saƙar shi ne laifin da hukuncinsa ya dogara da ma'auni, kamar yawan turewar da ta isa a kira ta laifi.

Bayan abin da ya faru a New Orleans, masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a 31 da 1 a Maris ɗin 2019 cewa a riƙa duba bidiyo a kan laifin tare mai cafewa. Gwajin bai yi armashi ba. An duba irin wannan hukunci kusan sau ɗari a kakar, wanda aka sauya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma masu horarwa suka kasa gane ma'aunin da ofishin New York yake amfani da shi. Abin da aka sauya wannan mako, makamancinsa a mako na gaba a bar shi. Shekara ɗaya aka yi aka janye dokar. Bidiyon da aka rage wa gudu yana mayar da kowace taɓawa ta zama kamar duka, kuma a ƙarshe mutum ne dai zai kalla ya yanke hukunci, sai dai wannan karon mutumin yana ɗaki mai nisa, ba a ganinsa, ba a jin hujjarsa.

Ko fasahar auna nisa tana da iyaka. A 2025 NFL ta fara amfani da kyamarorin Hawk-Eye wajen auna ko an cika yadi goma, a maimakon sarƙar da aka daɗe ana ja a gefen fili. Amma na'urar tana auna daga inda alƙali ya ajiye ƙwallo ne, shi kuwa da ido yake kintatar inda ta tsaya a ƙarƙashin tulin mutane. Rigimar wasan Buffalo Bills da Chiefs na Janairun 2025, inda aka ce Josh Allen ya gaza cika yadin da ake bukata a yunƙuri na huɗu, a kan wurin ajiye ƙwallon take, kuma da na'urar tana nan ma ba za ta warware ta ba.

Mai kallon Firimiya a gidajen kallo na Kano ko Yamai ya san wannan labari. An kawo VAR don a kashe gardama, sai gardamar ta tashi daga fili ta koma ɗakin bidiyo.

A soke sakamako?

Wasu suna ganin adalci shi ne a mayar wa wanda aka zalunta haƙƙinsa. Tarihin jami'o'i yana da labari biyu masu kama da juna a kan wannan, shekara 50 tsakaninsu.

Ranar 16 ga Nuwamban 1940, jami'ar Cornell, wadda ta yi wasa 18 ba a doke ta ba, tana bayan Dartmouth 3 da 0 a daƙiƙun ƙarshe. Alƙali Red Friesell ya rikice a ƙidaya ya ba ta yunƙuri na biyar, ta ci, aka tashi 7 da 3. Da aka wanke fim ɗin wasan aka ga kuskuren, Friesell ya amsa laifinsa a rubuce, shugabannin Cornell suka aika wa Dartmouth telegiram cewa sun mayar mata da nasarar. Littafin tarihi yana ɗauke da 3 da 0 har yau.

Ranar 6 ga Oktoban 1990 aka maimaita kuskuren a wasan Colorado da Missouri. Ba a sauya allon ƙidaya ba, Colorado ta sami yunƙuri na biyar, ta ci 33 da 31. Rukunin Big Eight ya dakatar da alƙalan ya bar sakamakon. Colorado ba ta mayar da komai ba, kocinta Bill McCartney ya karkata ga ƙorafin santsin filin, kuma a ƙarshen kakar ta raba kambun ƙasa da Georgia Tech.

Zuciya tana tare da Cornell, amma abin da ta yi karamci ne na wanda ya ci, kuma ya yiwu ne domin kuskuren na ƙidaya ne, a yunƙurin ƙarshe, babu abin da ya biyo bayansa. Yawancin kurakurai ba haka suke ba. A New Orleans, bayan an ƙyale laifin, Saints ta shiga gaba da maki 3 ta kasa tsare su, ta fara riƙe ƙwallo a ƙarin lokaci Brees ya jefa aka cafe masa. Magoya bayan Rams kuma suna da nasu laifin da aka ƙyale tun da farko, lokacin da aka ja wa madugunsu Jared Goff ƙarfen fuska. In aka buɗe ƙofar soke sakamako, daga wane kuskure za a fara ƙirga? Dokar NFL ta bai wa kwamishina ikon sauya sakamako in an yi rashin adalci na fitar hankali, amma ta cire kuskuren alƙali daga ciki, kuma ba a taɓa amfani da ikon ba. Kotunan ma watsi suka yi da ƙarar magoya bayan Saints. A nan ina tare da hukumar: in an busa usur na ƙarshe, bakin alƙalami ya bushe.

Sai dai wannan matsayi yana da farashi. Duk wanda ya ce hukuncinsa ba ya sauyuwa ko da kuskure ne, ya ɗora wa kansa bashin bayani. In ba za ka mayar wa mutum abin da ya rasa ba, mafi ƙaranci ka gaya masa a fili yadda aka yi ya rasa, da wanda ya yanke shawarar, da abin da za a gyara.

Kuɗin caca ya sauya lissafi

A da shirun hukuma yana haifar da fushi ne kawai, ya wuce. Ranar 14 ga Mayun 2018 kotun ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni. NFL, wadda ta shafe shekaru tana yaƙar cacar a kotu, ta ƙulla yarjejeniya da Caesars da DraftKings da FanDuel a Afrilun 2021. Ta amince Raiders ta koma Las Vegas, cibiyar caca ta Amurka, ta kuma kai Super Bowl can a 2024. Yau tallan caca yana bin wasa daga farko har ƙarshe.

Ban san wata hujja da ta nuna alƙalin NFL ya sayar da wasa ba, kuma zargin da ake yaɗawa cewa ana rubuta sakamako tun kafin a shiga fili ba shi da madogara. Amma hukumar da take cin riba daga caca ta rasa ikon cewa a yarda da ita kawai. Amurkawa suna tuna Tim Donaghy, alƙalin ƙwallon kwando na NBA da aka kama a 2007 yana caca a kan wasannin da yake alƙalanci, har ya yi zaman kurkuku. NFL da kanta ta dakatar da Calvin Ridley kakar 2022 sukutum saboda ya yi caca, domin ta san amanar mai kallo ita ce jarinta, jarin da ya kawo mata kwantiragin talabijin na sama da dala biliyan 100 a 2021. A farkon 2025, da zargin ana fifita Chiefs ya yi ƙamari, Goodell ya ce maganar abin dariya ce, ƙungiyar alƙalai ta ce cin fuska ce. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa. Amma musu ba ya kashe zargi a inda aka rufe ƙofa, domin duk abin da aka ɓoye, jita-jita ce take cike gurbinsa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a bar mai kallo ya ji abin da ake faɗa a ɗakin bidiyo yayin da ake faɗarsa. Zari-ruga ta daɗe tana haka, gasar XFL ta Amurka ta gwada a 2020 ba a ga ɓarna ba. Da lauyan Pac-12 ya san miliyoyi za su ji muryarsa, da bai ɗaga waya ba. Misalin Ingila ya ƙara nuna amfanin haka. Bayan an soke ƙwallon Luis Díaz na Liverpool a gidan Tottenham ranar 30 ga Satumban 2023, hukumar alƙalai ta saki sautin tattaunawar, kowa ya ji cewa mai duba bidiyo ya ɗauka an riga an amince da ƙwallon ne. Abin kunya ne, amma ya tabbatar da cewa rashin fahimta ce, aka kuma gyara yadda ake tabbatar da hukunci.

Na biyu, a riƙa fitar da rahoto a rubuce bayan kowane wasa mai zafi. NBA tun 2015 take wallafa rahoton mintuna biyun ƙarshe na wasannin da aka yi kankankan, tana bin hukunci ɗaya bayan ɗaya tana cewa wannan daidai ne, wannan kuskure. NFL kuwa abin da ta saba shi ne ɗan jarida ɗaya ya yi wa shugaban alƙalai 'yan tambayoyi a madadin sauran, sannan ta kira kocin da aka ɓata wa rai ta ba shi haƙuri a asirce, alhali in shi ya soki alƙalai a fili tara za ta ci shi.

Na uku, a rage sarƙaƙiyar doka, kuma a daina jiran shekaru kafin a gyara wadda ta bayyana ba ta da ma'ana. Na huɗu, a jami'o'i a raba alƙalanci da rukunan da ke da riba a sakamako. Rukunin da zai sami ƙarin kuɗi in jami'arsa ta kai gasar ƙasa bai dace ya zama shi ke ɗaukar alƙalin wasanta ba, ko da zuciyarsa fara ce.

Akwai masu ganin maganin shi ne alƙalai su zama ma'aikatan dindindin, domin yawancinsu suna da wata sana'a: Coleman kamfanin madara na danginsu yake gudanarwa, Ed Hochuli lauya ne. NFL ta gwada da wasu kaɗan a 2017 ta dakatar a 2019. Zai taimaka wajen horo, amma alƙalan Firimiya tun 2001 suke aikin dindindin, kuma kowa ya san ba su daina kuskure ba.

Suka mafi ƙarfi ga buɗe ƙofa ita ce tsaron alƙalan. Bayan wasan Oregon da Oklahoma na 2006, inda aka bai wa Oregon ƙwallon da ba tata ba ta ci 34 da 33, mai duba bidiyon wasan ya sami barazanar kisa. Makarantun sakandaren Amurka suna kukan ƙarancin alƙalai saboda cin mutuncin da iyaye da 'yan kallo ke yi musu. Wannan damuwa ta gaskiya ce. Amma rufa-rufar yanzu ba ta kare kowa ba. Sunan alƙali da lambar rigarsa suna kan allo, abin da aka ɓoye shi ne dalilinsa da umarnin da aka ba shi daga sama, wato abubuwan da za su iya wanke shi. In hukuma ta fito da sunanta ta ce ga abin da ya faru, ga rabon alƙali, ga rabon dokarmu, ga rabon ofishinmu, ta rage masa nauyi ne.

Hochuli ya nuna cewa amsa kuskure ba ya kashe mutum. A Satumbar 2008 ya busa usur da wuri a wasan Denver da San Diego, ya hana San Diego ƙwallon da ta ƙwata, Denver ta ci 39 da 38. Tun a fili ya gaya wa kocin San Diego cewa ya yi kuskure, ya zauna yana amsa saƙonnin masu zaginsa ɗaya bayan ɗaya. Shekara mai zuwa aka gyara dokar ta yadda bidiyo zai iya warware irin wannan, shi kuma ya ci gaba da aiki kusan shekara goma da mutuncinsa. Bill Leavy, wanda ya yi alƙalancin Super Bowl na 2006 tsakanin Pittsburgh da Seattle, sai a 2010 ya sami damar gaya wa jama'a cewa ya yi kuskure a wasan, bayan shekara huɗu ana ta zargi ba amsa.

Abin da Hochuli ya yi a yini ɗaya, da Cornell ta yi da telegiram ɗaya a 1940, bai fi ƙarfin hukumar da ke da kyamara a kowane lungu da ofishin bidiyo a New York ba. Alƙalai za su sake yin kuskure a kaka mai zuwa, wata ƙungiya za ta sake rasa kofi a kansa, kuma sakamakon zai tsaya yadda yake. Haƙƙin da ya rage wa wadda aka ɓata wa shi ne ta ji sautin ɗakin bidiyo a lokacin, ta karanta rahoton hukuma washegari, ta kuma ga an gyara dokar kafin kaka ta zagayo.